Jühnde, ƙauyen Jamus mai mutum dubu: tarihinsa, kuɗin shigarsa da wutar kashin shanu

Duk sanda wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba a Gombe, sai maganar wutar kashin shanu ta taso a majalisu da zaurukan WhatsApp. Wani zai ce ai akwai ƙauye a Jamus da ya haɗa tasa wutar da kashin dabbobi har yana sayar da rara, mu kuwa ga shanu a Tike, ga su a Dukku da Nafada da Funakaye, me muke jira? Ƙauyen yana nan, sunansa Jühnde, kuma abin da ake faɗa a kansa ya faru. Sai dai masu ba da labarin sukan tsaya a kan injin, alhali injin shi ne abu mafi sauƙi a aikin. Abin da ya ci wa mutanen garin shekara huɗu shi ne ƙidaya da yarjejeniya: wa zai kawo kaya, wa zai sayi abin da aka samar, a kan nawa, har zuwa yaushe. Wanda bai san yadda ƙauyen yake tafiyar da kansa ba, ba zai gane yadda aka yi aikin ya tsaya da ƙafarsa ba, kuma ba zai gane abin da ya jijjiga shi daga baya ba.

Jühnde yana kudancin jihar Niedersachsen, a lardin Göttingen, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba daga birnin Göttingen ta kudu maso yamma. Gundumar ƙauyuka biyu ce, Jühnde da Barlissen, waɗanda aka haɗe a farkon 1973. Faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 24 da 'yan kai, mutanenta kimanin 1,000, wajen 750 daga ciki a Jühnde kansa, cikin gidaje kusan 200. Ƙasar noma ta kai hekta 1,300, daji kuma hekta 800.

Sunan garin ya fara bayyana a rubuce a shekara ta 960, cikin wata takarda ta Sarki Otto na Ɗaya. Idan aka tuna cewa Buba Yero ya kafa masarautar Gombe ne a farkon ƙarni na 19, kuma sai a 1919 hedikwatar ta dawo Gombe Doma, za a ga irin daɗewar da wannan ƙauye ya yi a wuri guda. A cikin garin akwai tsohon gidan sarauta da babbar gonarsa, waɗanda suka shiga hannun zuri'ar Grote a ƙarni na 17. Ɗaruruwan shekaru manoman wannan yanki ba su da cikakken iko a kan gonar da suke nomawa: suna ba mai ƙasa hatsi, suna yi masa aikin wasu ranaku. Dokokin masarautar Hannover na 1831 da 1833 ne suka ba manomi damar fansar kansa daga waɗannan nauye-nauye ta hanyar biyan kuɗi, sannan dokar 1842 ta buɗe hanyar tattara guntayen gonaki da ke warwatse a mayar da su manyan filaye masu hanya. Prusiya ta haɗiye Hannover a 1866, aka kafa jihar Niedersachsen a 1946. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa wajen miliyan 12 aka koro ko suka gudo daga gabas, kuma sansanin karɓarsu na Friedland, wanda aka buɗe a Satumba 1945, yana cikin wannan lardi. Ƙauyukan yankin sun cika maƙil a waɗancan shekaru, daga baya suka sake raguwa da mutane suka bi aiki zuwa birane.

Tsarin mulkin shi ne wurin da ya kamata ɗan Gombe ko ɗan Bauchi ya tsaya ya duba da kyau. Jamus tana da gundumomi kusan 10,800, kowace da majalisarta da kasafin kuɗinta. Najeriya, wadda mutanenta suka fi na Jamus ninki biyu, ƙananan hukumomi 774 gare ta: 11 a Gombe, 20 a Bauchi. Akko kaɗai ta haura mutum 300,000 a ƙidayar 2006. Ko da hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 ya yi aiki yadda aka rubuta shi, kuɗi suka riƙa shiga asusun ƙananan hukumomi kai tsaye, har yanzu akwai tazara mai nisa tsakanin sakatariya da ƙauye. Ƙauyenmu yana da dagaci da masu unguwa da ake girmamawa, amma ba shi da asusu na doka, ba ya sa haraji, ba ya iya sa hannu a kwangila da sunansa. Jühnde yana iya yin duka ukun.

Ba wai mutum dubu ne suke ɗauke da ofis da ma'aikata ba. A shekarun 1970 Jamus ta Yamma ta rage gundumominta daga wajen 24,000 zuwa kimanin 8,500, kuma a Niedersachsen aka bar wa ƙanana wata mafita: su riƙe majalisarsu, amma su haɗa ofishi guda. Jühnde yana cikin haɗakar Dransfeld tare da Bühren da Niemetal da Scheden da garin Dransfeld, mutum sama da 9,000 gaba ɗaya. Ofishin haɗakar ne yake riƙe da rajistar mazauna, makarantun firamare, kashe gobara da babban tsarin amfani da filaye. Majalisar ƙauyen, mai kujeru kusan goma, ana zaɓenta duk shekara biyar, kuma ɗan shekara 16 yana jefa ƙuri'a. 'Yan majalisar ne suke fitar da shugaba daga cikinsu. Ba albashi yake ɗauka ba, ɗan alawus ne, kuma yana da sana'arsa ta kansa.

Yawan jama'a kuwa ba ƙiyasi ba ne. Doka ta wajabta wa duk wanda ya sauya gida ya je ya yi rajista cikin mako biyu, da takardar shaidar mai gidan, kuma wanda ya ƙi ana iya cinsa tarar da ta kai yuro 1,000. Haihuwa da mutuwa suna shiga rajistar, ƙidayar ƙasa irin ta 2011 da ta 2022 kuma tana gyara kurakuran da suka taru. Gunduma tana damuwa da wannan adadi domin kuɗi ne. Kashi 15 cikin 100 na harajin albashi da na kuɗin shiga yana komawa ga gundumomi, kuma ana rabawa ne bisa inda mai biyan harajin yake zaune, ba inda yake aiki ba. Malamar asibiti da ke aiki a Göttingen tana kwana a Jühnde, ƙauyen ne yake cin rabonta. Tallafin da jiha take bai wa gundumomi ma yana bin yawan kawuna. Shi ya sa za ka ga ƙaramin ƙauye yana yanka filayen gini, yana kula da makarantar renon yara, yana faɗa a kan motar haya ta safe: iyali guda mai yara idan ya tashi, an ji a kasafi.

Sauran kuɗin daga haraji biyu ne da majalisar ƙauye take sa wa ma'auni da kanta: harajin fili da gini, da harajin sana'a. Ga yadda na biyun yake. A ce mai gyaran tarakta ya ci ribar yuro 100,000 a shekara. Ana cire masa 24,500 da doka ta yafe wa mai sana'ar kansa, saura 75,500. Ana ɗaukar kashi 3.5 cikin 100, wato yuro 2,642 da rabi. Sai a ninka da ma'aunin gundumar, wanda doka ta hana ya yi ƙasa da ninki biyu; idan majalisa ta sa ninki huɗu, zai biya yuro 10,570. Ba duka ne yake zama a ƙauyen ba, domin lardi da haɗaka suna karɓar kasonsu, kuma kason ba ƙarami ba ne. Amma mai shagon ya san waɗanda suka sa ma'aunin, yana haɗuwa da su a hanya.

Noma shi ne fuskar garin, amma ba shi ne yake ciyar da yawancin gidaje ba. A duk faɗin Jamus, ƙidayar gonaki ta 2020 ta samu gonaki kimanin 263,000, matsakaiciyar gona hekta 63, kuma masu aikin noma ba su kai kashi 2 cikin 100 na ma'aikata ba. A Jühnde, lokacin da aka fara aikin wutar, manoma tara ne kawai noma ya zama babbar sana'arsu, suna noman alkama da dangoginta, suna kiwon shanun madara da aladu. Sauran mutane sukan fita da safe zuwa Göttingen, birnin jami'a mai mutum wajen 120,000, ko Münden, ko Kassel. Kafin aikin wutar, kuɗin da suke samowa kuwa wani babban kaso nasa yana ficewa daga garin duk hunturu, domin yawancin gidajen da mai ɗan'uwan dizal ake dumama su, tanka tana kawowa ana zubawa a tankin ƙarƙashin gida.

A nan masu bincike na Jami'ar Göttingen suka shigo. Suna neman ƙauye guda da zai gwada samar da wutarsa da zafinsa daga abin da gonarsa da dajinsa suke bayarwa. Ƙauyuka 17 suka nuna sha'awa, a 2001 aka zaɓi Jühnde. Abin da aka duba ya haɗa da yawan gona da dabbobi, kusancin gidaje da juna domin kada bututu ya yi tsawo, da kuma yawan masu gidan da suka ce za su shiga. Daga 2001 zuwa 2004 ba a haƙa ko rami ɗaya ba. Kwamitocin mutanen gari ne suke zama, wannan a kan injin, wannan a kan bututu, wannan a kan amfanin gona, wannan a kan kuɗi, ana bin gida-gida ana karɓar sa hannu. A ƙarshen 2004 aka kafa ƙungiyar gama-kai, hannun jari guda yuro 500, wanda zai sha zafin kuma ya sayi aƙalla uku. Mambobi suka kusa 200, gidaje wajen kashi 70 cikin 100 suka amince a ja musu bututu. Aikin ya ci yuro miliyan 5 da ɗoriya: wajen miliyan ɗaya da rabi tallafin gwamnati ne, jarin mambobi kaso ne ƙarami, mafi yawa bashin banki. A kakar 2005 ruwan zafi ya fara shiga gidaje.

Sassan aikin, yadda aka fara shi, huɗu ne. Akwai babban tankin ruɓarwa mai cin kubik mita wajen 3,000, kubik mita guda kuwa lita 1,000 ne, duro biyar ke nan. Aikinsa irin na tumbin saniya ne: wuri ne rufaffe, mai ɗumi, ba iska, ƙwayoyin bakteriya suna cin abin da aka zuba suna fitar da gas, kuma idan aka sauya masa abinci farat ɗaya ko aka cika masa ciki, sai ya lalace. Ana riƙe ɗuminsa kusa da digiri 40, ana motsa shi da manyan farfela. Gas ɗin da yake fita, rabi da ɗan ɗori nasa metan ne mai kama wuta, sauran mafi yawa iskar kabon ce da ba ta ƙonewa. Na biyu, inji mai ƙarfin kilowat 700 da yake shan gas ɗin yana juya janareta. Cikin ƙarfin da ke cikin gas, kashi 40 cikin 100 ne kawai ko ƙasa da haka yake zama wuta. Kusan wani kamarsa yana fita a matsayin zafin inji da na hayaƙi. Janaretan da muka saba da shi iska yake bai wa wannan zafi. A Jühnde ana kama shi a dafa ruwa zuwa digiri 80, a tura shi cikin lulluɓaɓɓen bututu mai tsawon kilomita 5.5 a ƙarƙashin tituna, kowane gida da akwatin musayar zafi da mitarsa. Na uku, tukunya mai kilowat 550 da ake hura wa ɓarzajjen itace idan sanyi ya yi ƙarfi. Na huɗu, tukunyar mai ta ko-ta-kwana, domin ranakun da ƙanƙara ta tsananta ko injin ya tsaya.

Idan inji mai kilowat 700 ya yi aiki awa 7,000 a shekara, ya ba da yunit kusan miliyan 5, kimanin ninki biyu na abin da ƙauyen yake sha. Kuma wutar ba ta tafiya gidaje kai tsaye. A lokacin, babban layi take shiga a biya ƙungiyar kuɗinta, gidajen kuma su sayi tasu daga layi kamar kowa. Ƙauyen bai yanke kansa daga kowa ba.

Yanzu ga lissafin da ba a cika kawowa ba. A shekarun farko, duk shekara ana zuba wa tankin kwaɓaɓɓen kashin dabbobi wajen kubik mita 9,000, da ɗanyen amfanin gona sama da tan 10,000: alkama da hatsin rai da masara da ciyawa, a yanke su gaba ɗaya da kara da zangarniya tun suna kore, a daddatse, a danne, a rufe da leda su tsimu. Tan guda na kwaɓaɓɓen kashin shanu yana ba da gas kubik mita 25 zuwa 30. Tan guda na tsimammiyar masara yana ba da wajen 200. Ka ninka: kashin yana kawo kubik mita dubu 200 da 'yan kai, amfanin gonar yana kawo sama da miliyan 2. Ashe kashin dabbobin wajen kashi ɗaya cikin goma na wutar kawai yake bayarwa. Sauran daga gona hekta wajen 300 yake fitowa, gonar da aka ware ba domin cikin mutum ko na dabba ba.

Abin da ya sa hakan ya biya kuɗinsa doka ce. Dokar makamashi mai sabuntawa ta shekarar 2000 ta tilasta wa masu layin wuta su karɓi irin wannan wuta a kan tsayayyen farashi har shekara 20, kuma gyaran da aka yi mata a 2004 ya ƙara lada na musamman ga wanda ya yi amfani da amfanin gona. Da wannan takarda aka je banki. Ita ce ta sa tashoshin gas irin wannan suka haura 9,000 a Jamus, kuma ita ce ta jawo suka, domin masara ta mamaye wasu yankuna, kuɗin hayar gona ya tashi. A 2012 aka ƙayyade yawan masarar da sabuwar tasha za ta sha, a 2014 aka cire ladan ga sababbi.

Wuraren da irin wannan aiki yake samun matsala sanannu ne. Farashin da ake sayen wutar a tsaye yake, amma farashin abin da ake zuba wa tankin yana bin kasuwa. Da hatsi ya yi tsada a duniya a 2007 da 2008, manomi yana da dalilin neman ƙari. Da bazara gidaje ba sa buƙatar zafi, injin kuwa bai daina fitar da shi ba, sai a nemi abin busarwa ko a yi asara. Inji mai aiki dare da rana yana kaiwa lokacin babban gyara cikin shekara bakwai zuwa takwas, kuma ƙungiyar da ta raba riba ba ta ajiye na wannan rana ba za ta koma banki. Sannan doka tana sauyawa. A tsakiyar shekarun 2010 ƙungiyar Jühnde ta sake zuba kuɗi, ta ƙara injuna da ma'ajiyar gas da ta zafi domin ta riƙa ba da wuta a lokacin da aka fi buƙata. A 2017 aka tsaurara dokokin taki da na kare ruwan ƙasa, aka sa ruwan da ke fita daga tanki cikin iyakar kilo 170 na sinadarin naitirojin a kowace hekta, aka kuma nemi wurin ajiya mai girma. Sabon kashe kuɗi ya hau kan tsohon bashi. A 2019 mambobin suka sayar da tashar da bututun ga EAM, kamfanin makamashi na yankin wanda larduna da gundumomi suka mallaka. Ruwan zafin bai daina zuwa gidaje ba, amma mallakar ta bar hannun mutanen gari. A ganina wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi cancantar a karanta wa duk wata ƙungiyar gama-kai tamu kafin ta ci bashin inji.

To me ya rage mana a ciki? Bututun ruwan zafi ba namu ba ne. Sanyin hunturunmu bargo yake so. Masara da dawa kuwa abinci ne, kuma wanda ya san abin da buhu yake kaiwa a Tudun Hatsi daga Yuni zuwa Agusta ba zai ba da shawarar a zuba su a tanki ba. Ko kara da harawa suna da masu su, dabba na jira. Tsayayyen farashi na shekara 20 ma babu wanda ya ba mu. Abin da ya rage shi ne kashi, da abin cikin tumbi da ruwan wanki na mayanka, da ragowar abinci da ruɓaɓɓen kayan gwari na kasuwa. Muna da abu guda da Jamus ba ta da shi: zafi. Su sai sun mayar da wani kaso na zafin injin su dumama tankin, mu kuwa tankin da aka binne a ƙasa yana aiki da kansa yawancin shekara, sai dai ya ɗan ja baya a Disamba da Janairu.

Kilo guda na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas wajen lita 40. Saniyarmu tana yin kamar kilo 10 a rana, idan a turke take. Wadda take fita kiwo ta dawo da yamma, rabi za ka samu, sauran yana daji. Wanda yake son janareta mai kilowat 20 ya yi awa shida, yunit 120 yake nema. Ƙaramin inji yana fitar da kamar yunit ɗaya da rabi daga kubik mita guda, don haka ana buƙatar kubik mita 80, wato kashi tan biyu kullum, shanu 200 a turke, da ruwa lita 2,000. Ban da babbar mayanka ko babban wurin kiwon turke, samun wannan kullum-kullum da wuya, balle a yankin da shanu suke tashi da rani. Idan wuta ake so da rana, sola ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Girki ne inda lissafin yake fita. Gida mai mutum biyar ko shida yana buƙatar gas kubik mita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Kilo 50 na kashi ke nan, shanu biyar a turke, a dama da ruwa lita 50, jarka biyu. Kwaɓin yana bukatar kwana 40 a ciki, don haka lita 100 sau 40, kubik mita 4, a ƙara wurin taruwar gas, tanki mai kubik mita 6 ya isa. Jarka biyun nan ba wasa ba ne a wuri irin Dukku da ruwa yake da nisa a ƙasa, kuma ita ce tambayar farko da za a yi kafin a sayi siminti. Makarantar kwana, tsangaya mai almajirai da yawa, gidan abinci da ke kusa da mayanka, su ne suka fi dacewa, domin wuta tana kan murhu kullum kuma kuɗin itace ko gawayi a bayyane yake.

Yawancin ƙananan tankunan da suke mutuwa ba bakteriya ce take gazawa ba. Rufin ne yake yoyo, domin gas yana ratsa siminti da aka yi wa shafe guda. Sai an yi shafe hawa-hawa an bi da fenti mai toshe ƙofofi, an cika da ruwa an gwada, an hura iska an ga ma'auni ya tsaya, kafin a zuba kashi. Gas yana fitowa da raɓa, raɓar tana taruwa a inda bututu ya lotsa ta toshe hanya, don haka a karkata bututun a sa wurin tsiyayewa a mafi ƙasƙancin wuri. Kashin da aka kankaro daga ƙasa yana zuwa da yashi, yashin yana kwantawa yana cinye wurin, shi ya sa turken yake son daɓen siminti. Busasshen kashi da ciyawa suna tasowa sama su yi ɓawo su danne gas. Ruwan omo, maganin kaska da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta suna kashe bakteriyar da ke yin aikin. Idan aka yi sabon cikawa, a haɗa da abin cikin tumbi daga mayanka, a jira mako biyu zuwa huɗu. Gas na farko ba ya kamawa, a sake shi a waje nesa da wuta. Idan harshen wuta ya raunana kuma kwaɓin ya fara warin tsami, an cika zubi ne: a dakata kwanaki, kada a ƙara. Akwai kuma iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a cikin gas ɗin, tana cin ƙarfen inji da na murhu, ana rage ta da gwangwanin da aka cika da tsatsattsen garin ƙarfe a kan hanyar bututu. Ita wannan iska tana kisa. Kada kowa ya shiga tanki don kwashe yashi sai an buɗe shi ya sha iska sosai, da igiya a ƙugu da mutum a bakin rami.

Kashin ma yana da mai shi da farashinsa. Manomanmu suna saye da amalanke da tifa, wasu suna roƙon makiyaya su sauka a gonarsu bayan girbi saboda shi. Don haka duk yarjejeniyar da za a yi da mai shanu sai ta faɗi inda ruwan da ke fita daga tanki zai tafi. A Jühnde manoman da suka kawo kaya su suke kwashe shi zuwa gonakinsu. Ruɓarwar ba ta cinye ƙarfin takin. Naitirojin ɗin ma ya fi saurin shiga shuka, kuma yawancin irin ciyawa ya mutu. Amma idan aka shanya shi a rana, wannan naitirojin yana bin iska. A tara shi a rami mai inuwa da murfi, a kai gona da yamma a rufe da ƙasa, ko a zuba shi a kan tarin kara da shara a yi takin gargajiya da shi har damina ta zo. Masu lambu a bakin Dadin Kowa suna iya sirka shi da ruwan ban-ruwa, sai dai kada ya taɓa ganyen da ake ci ɗanye kamar latas, kuma wanda ya fito daga sharar mayanka a bar shi ya ƙara kwanaki a rami na biyu kafin a kai shi kusa da kayan miya.